Ranar da Na Ɗora Kasko a Jidda

Ƙanshin ƙullun shinkafa da ya kwana ya tashi, mai ɗan tsami-tsami, shi ne abin da ke fara zuwa mini duk lokacin da aka ambaci Jidda. Na san ba wannan amsar ƙawayena suke nema ba. Tun da na dawo, kowacce ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta karɓi dabino da zamzam, ta gyara zama ta ce, "To Sa'adatu, ba mu labari." Wata Ka'aba take son ji, wata kasuwar gwal, wata kuma tambayarta ɗaya ce, wai da gaske ne can ba a ɗauke wuta. Ina ba kowa amsar abin da ya tambaya. Amma akwai wata rana guda da ban taɓa ba da labarinta daga farko har ƙarshe ba, saboda kunya. Shi ya sa na ce bari in rubuta tafiyar gaba ɗaya, mai so ta karanta.

Ni da Baba muka tafi Umra, a watan Rajab, shekarar da na gama kwalejin horon malamai. Daga Funtuwa muka kama hanyar Kano da hantsi. Mama ta cika mini jaka guda da daddawa da kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa, duk tsarabar Goggo Halima. Ita Goggo Halima 'yar ƙanin kakana ce. Mahaifinta ya tafi aikin Hajji ta ƙasa tun yana saurayi, ta Sudan, bai sake dawowa ba. A Jidda aka haife ta, a can ta yi aure, a can mijinta ya rasu. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk Salla sai ta bugo wa Baba waya ta ce, "Yaya, kun sha ruwa lafiya?"

A jirgi na samu kujerar taga. Na daɗe ina kallon hamada a ƙarƙashinmu, ja wur, ba gida ba bishiya, ina tunanin saurayin nan da ya keta ta da ƙafa shekara da shekaru, mu kuwa ga shi muna tsallake ta kafin shayi ya huce. Matar da ke kusa da ni, wata Hajiya 'yar Gusau mai haƙorin Makka biyu, ta ga idona ya kawo ruwa ta zaci tsoro ne. Ta danƙa mini ɓarin goro ta ce, "Tauna, 'yar nan. Sau shida ina hawa, bai taɓa faɗuwa da ni ba."

Filin jirgin mahajjata na Jidda rufinsa kamar manyan tantuna ne farare, an jera su har inda ido ya gaji. Nan na gamu da matsalata ta farko. Ana gobe za mu taso ƙannena suka matsa sai an yi mini lalle, aka lafta mini shi har kan yatsu. Da na ɗora yatsa a na'urar ɗaukar zanen hannu, sai ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Jami'in ya dubi hannuna ya dube ni, ya ce, "Arusa?" wato amarya ce? Na amsa masa da Larabcin Islamiyya, da cikakken i'irabi, cewa a'a, ni baƙuwar Ɗakin Allah ce. Sai ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi ta murmushi, ɗayan ya ce magana nake kamar mai karanta labarai a talabijin. Da ƙyar ɗan yatsa ɗaya ya kama. Wajen duba kaya kuma daddawa ce ta tona mu. Mai binciken ya buɗe jaka, ya ja da baya, ya toshe hanci. Baba ya yi ta kwatanta tukunya da ludayi da hannu har mutumin ya gaji ya ce, "Halas, yalla, yalla."

Game da Makka ba ni da kalmomi masu yawa. Na shirya addu'o'i a takarda tun daga gida, amma da na ɗaga kai na ga Ɗakin, baƙi ƙirin a tsakiyar farin mutane masu juyawa, sai komai ya gudu daga kaina. Sunan Mama kawai na iya tunawa, shi na yi ta faɗa. Kwana biyar muka yi, muka wuce Madina muka yi huɗu, sannan muka dawo Jidda don makon ƙarshe.

Daren farko a Balad muka kwana, tsohon gari, domin Baba ya ce ba a faɗa wa mutane gida da gajiyar hanya da ƙurar mota. Masaukin tsohon gida ne mai hawa huɗu, ginin dutsen teku, tagoginsa na katako ne da aka sassaƙa ƙananan ramuka, yadda na ciki zai ga titi amma na titi ba zai gan shi ba. Na so a ce ina da irin wannan tagar a Funtuwa. Da safe Baba ya sayo wake da aka dafa ya yi lugub, ana ce masa ful, da burodi mai faɗi kamar faifai, tamis, da zafinsa daga tanderu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kasuwa ke mutuwa da kiran salla. Kana cikin ciniki sai mai shago ya ja ƙofa, wani ma ya yafa ƙyalle kawai a kan kayansa ya tafi. Kuma garin da rana barci yake yi, sai bayan Magariba yake farkawa.

Gidan Goggo Halima a unguwar Safa yake, hawa na uku a wani dogon bene. Ta tare mu a bakin ƙofa, mace mai jiki, da sanda saboda ciwon gwiwa. Na durƙusa zan gaishe ta irin ta gida, sai ta finciko ni ta sumbaci kumatuna, dama sau ɗaya, hagu har sau uku. "Tashi, ya binti, nan ba a durƙuso sai ga Allah. Ma sha Allah, Yaya, wannan ai hancin babana ne!" Da ta buɗe jakar daddawa kuwa, abin da ya kori mai bincike shi ta tusa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Mutum uku na tarar a gidan. Ita, da 'yarta Amal, sa'ata, mai karatu a jami'a, wadda take jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai rabi ya fito da Larabci. Sai Inna Ladidi, 'yar Damagaram, wadda take zuwa daga unguwar Mahjar tana yi musu aikin gida. Umra ta zo shekarun baya ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. A bakin ƙofar kicin kuma akwai kejin kanarin Goggo, ɗan rawaya, wanda ta ce shi ke taya ta hira in tana girki.

Bayan Magariba Amal ta kama hannuna. "Ta'ali, zo ki ga yarana."

A lungun da ke tsakanin kicin da ɗakunan kwana akwai wani keji mai tsawo, ya kai kafaɗata, da rassan itace a ciki da wata 'yar jakar ulu a rataye. Jakar ta motsa. Wani ɗan kai ya leƙo, toka-toka da baƙin zane daga goshi zuwa baya, idanu manya baƙaƙe kamar an ɗiga tawada. Duk jikinsa bai cika tafin hannuna ba. Na ce, "Kurege ne?" Amal ta ce a'a, sunansa shuga gilaida, daga can wajen Ostareliya ake kawo su. Namijin Lauz, macen Sukkar.

Inna Ladidi ta wuce da tsintsiya ta ce, "Ɓeraye ne masu bargo. A garinmu da tuni kyanwa ta yi kalaci."

"Khala, haram alaiki!" in ji Amal, wato Inna, ba ki kyauta ba. Ta ɗora Sukkar a kan ƙarfen labule, ta koma ƙarshen falo ta ɗaga hannu da ɗan yankan tuffa.

Abin da na gani ba zan manta ba. 'Yar dabbar ta dubi hannun, ta gyaɗa kai sama da ƙasa kamar mai auna nisa, sai ta saki kanta. Ta buɗe hannuwa da ƙafafu, wata fata da ke naɗe a gefen cikinta ta baje, ta zama kamar ɗan hankici mai kusurwa huɗu. Ta keto falon nan a iska, shiru, ba kaɗa fiffike, jelarta na juya ta, ta sauka a yatsun Amal. Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Subhanallahi." Ni kuwa a cikin mako biyu na ga abubuwa manya da suka sa na ji ni ƙarama ce, ban zaci ƙaramin abu ma zai iya sa ni jin haka ba.

Kwana biyu ina bin Amal ina koyo. Da rana barci suke yi cikin jakar, a manne da juna. Suna son 'ya'yan itace da tsutsar da take ajiye musu a roba. In an dame su suna wani ƙara kamar ƙaramin injin markaɗe. A rana ta uku Sukkar ta yarda ta hau hannuna, ta shige cikin hannun rigata ta kwanta a gwiwar hannu, da ɗuminta. Amal ta ce mutum biyu kawai Sukkar ta taɓa yi wa haka.

Ranar Litinin Amal na da jarrabawa tun safe har La'asar, Goggo na da ganin likitan ƙashi, Baba kuma zai koma Balad sayen tsaraba. Kafin ta fita Amal ta tsaya da ni gaban kejin. "Sa'ada, amana, ha? Kada turaren wuta nan. Kada maganin sauro. Kada ki tashe su. Hancinsu marra da'if, ba ƙarfi." Na ce ta tafi hankali kwance.

Ni kuwa da shirina a ɓoye. Goggo ta taɓa cewa rabonta da sinasir tun rasuwar mahaifiyarta, ita kuma ba ta koya ba. Saboda haka tun ranar Lahadi na bi Inna Ladidi Mahjar. Can na ga wata Jiddar daban: mata zaune bakin layi da farantan goro da ƙwaryar fura, mai tsire yana fifita wuta, ana ta Hausa ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi da wata da Larabci ya cinye rabinta. Muka sayo farar shinkafa da yis da alayyafo. Na jiƙa, na markaɗa, na rufe ƙullu ya kwana. Da safe ya taso har ya ɗaga murfi.

A gida kaskon sinasir ɗin Mama na ƙasa ne, ta gada daga kakata. Abin da aka koya mini tun ina ƙarama shi ne, kasko sai ya sha wuta. A ɗora shi babu komai a ciki, a bar shi ya yi zafi har cikin jikinsa, kafin a shafa mai a zuba ƙullu. Wadda ta yi gaggawa sinasir ɗinta kamawa yake yi, a yi mata dariya. Na duba kicin ɗin Goggo ban ga na ƙasa ba, sai wani kasko mara nauyi mai baƙin shafe a ciki, sumul, irin wanda abinci ba ya kamawa, wanda mata ke ce wa nonistik. Na ɗora shi a kan gas, na ƙure wutar, na ce bari ya sha.

Sai waya ta yi ƙara a falo. Baba ne daga kasuwa, wai ga abaya iri uku, wacce Mama za ta fi so, mai duwatsu a hannu ko mai zare? Ya ba mai shagon waya ya kwatanta mini, mai shagon ya ba yaronsa. Da muka gama da abaya muka koma kan darduma. Da na ajiye wayar ma ban tashi nan take ba, na tsaya a taga ina kallon wata mata a benen da ke fuskantarmu tana shanya. Ban san minti nawa ba. Ƙofar kicin a buɗe take. Tagogin gidan duk a rufe suke ruf, kamar kowane gida a Jidda da zafi, na'urar sanyaya ɗaki, wadda suke ce wa mukayyif, tana ta juya iskar da ke ciki.

Muryar Inna Ladidi ce ta dawo da ni. "Innalillahi! Ɗiyata, me kika aza a wuta?"

Na ruga. Babu wani hayaƙin kirki, sai ɗan hazo siriri da wari kaɗan kamar na wayar lantarki in ta yi zafi. Cikin kaskon ya sauya launi. Inna Ladidi ta riga ta kashe gas, amma ba kaskon take kallo ba. Kanarin Goggo yana ƙasan kejinsa, fiffike a buɗe, baki na buɗewa yana rufewa. Kafin in kai hannu ya daina.

"Buɗe tagogi! Duka! Kashe mukayyif ɗin nan!" Tana faɗa tana yi da kanta. Ta naɗe hannu da tsumma ta fitar da kaskon baranda. "Na taɓa gani. Gidan da na fara aiki, aku da tsuntsaye huɗu suka mutu safiya ɗaya. Aka ce ni na ba su guba, aka kore ni, sai daga baya lokotoro, likita ke nan, ya ce kaskon ne. Maza, ɓerayen yarinyar nan!"

Kejinsu taku uku ne daga ƙofar kicin. Na ciro jakar ulun. Lauz ya yi ɗan ƙaransa na masifa, a raunane. Sukkar ba ta yi komai ba. Idonta a buɗe rabi, cikinta na hawa yana sauka da sauri, da wani ɗan sauti kamar ana taɓa harshe a ganɗa.

Na buga wa Amal, waya a kashe, tana ɗakin jarrabawa. Ta Goggo ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. A jikin firiji akwai katin asibitin dabbobi da Amal ta manna. Na cire shi na tsaya da shi a hannu, ban san gabas ba ban san yamma ba a garin.

Inna Ladidi ta dubi katin. Ba ta karatu, sai na karanta mata sunan titin. Ta kawar da kai ta dubi titi ta taga. Na san dalili, domin a hanyar Mahjar ta gaya mini ita ba ta bin manyan tituna da rana, nan ake tsayar da motoci a tambayi takarda, wanda ba shi da ita kuma sai jirgi. Na ce, "Inna, ki tsayar mini da tasi kawai, zan je ni kaɗai."

"Da wannan Larabcin naki na liman? Sai ya kai ki masallaci." Ta jawo abayarta daga bayan ƙofa. "Bon. Yalla, mu tafi. Sa su cikin rigarki, rana za ta kashe su kafin hayaƙin."

Na rataya jakar a wuya, na tura ta cikin riga, na rufa abaya a kai. Zafin waje ya doke mu kamar an buɗe murfin tukunya. Direban da ya tsaya ɗan Pakistan ne. Na fara yi masa bayani da jimla cikakkiya, ya yi ta kallona ta madubi. Inna Ladidi ta fizge katin ta miƙa masa ta ce, "Sadik, mustashfa hag bissa, sur'a sur'a!" wato asibitin kyanwa, da sauri. Nan take ya gane.

A hanya na dafe ƙirjina da hannu biyu. Ina jin bugun zuciyata, a kansa kuma ina jin wani bugun, ƙanana, masu sauri, kamar yayyafi a kan kwano. Addu'o'in da suka gudu mini a Makka duk suka dawo a cikin tasin nan. A wata mahaɗa muka tarar da motar 'yan sanda a gefe, an tsayar da wata bas ana duba mutane. Inna Ladidi ta ja niƙabi, ta miƙe zaune kamar matar mai gari, ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Aka ɗaga mana hannu muka wuce. Sai da muka yi nisa ta saki numfashi ta ce, "In aka kama ni saboda ɓera, kada ki faɗa a Damagaram. Ki ce gwal na sata."

Likitan dabbobin dattijo ne ɗan Sudan, mai farin gemu. Bai ɓata lokaci ba. Ya sa jakar yadda take cikin wani akwatin gilashi, ya saki musu iskar taimakon numfashi, ya ce kada a taɓa su, tsoro ma kaɗai yana iya ƙarasa su. Sannan ya zaunar da ni ya tambayi abin da ya faru. Shi kam ya fahimci Larabcina, da irinsa ya amsa mini.

Ya ce irin wannan kasko ba ya ɓarna in ana girki da shi da abinci a ciki, a wuta matsakaiciya. Amma in aka bar shi babu komai a wuta mai ƙarfi, cikin 'yan mintuna shafen yakan fara lalacewa ya saki tururin da sau da yawa ido ba ya gani sosai. Tsuntsu shi ke fara mutuwa, domin huhunsa ya fi na kowa zuƙe abin da ke cikin iska. Na ce su fa waɗannan? Ya buɗe hannu. "Gaskiya, 'yata, ba a san nasu kamar yadda aka san na tsuntsaye ba. Ba tsuntsaye ba ne, wannan ya taimake su. Amma dubi girmansu. Ni duk mai kiwon su ina ce masa keji ya yi nesa da kicin, a rufe ƙofa, a buɗe taga, kada a bar kasko shi kaɗai a wuta." Ya ce huhu kan kumbura daga baya, don haka ba zai ce sun tsira ba sai an kwana biyu. Ya ƙara da cewa ni ma kada in yi mamaki in na ji zazzaɓi da ciwon kai zuwa yamma. Haka kuwa aka yi.

Amal ta iso asibitin bayan La'asar da littattafanta a hannu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta wuce ni ta durƙusa gaban akwatin gilashin, ta manna goshinta, tana magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Na ce, "Amal, ki yafe mini." Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ba yanzu, Sa'ada."

Goggo na fi jin tsoron haɗuwa da ita. Na tarar Baba ya riga ya naɗe kanarin a ƙyalle. Na durƙusa, wannan karon ba ta hana ni ba. Na faɗi komai, har tsayuwar da na yi a taga. Ta daɗe tana kallon kejin da babu kowa. "Shekara shida yana yi mini waƙa," ta ce. Ta share ido da gefen mayafi. "Me ma kike son dafawa?"

"Sinasir, Goggo."

"Sinasir," ta maimaita a hankali. "Ummi ma haka take yi. Ta ɗora kasko ta tafi ta yi alwala ta dawo. Ni ce ban gaya miki namu ba irin nasu ba ne, ni ma ban san yana kisa ba. Shekara nawa tsuntsun nan yana rataye a wurin." Ta buga sandarta a ƙasa. "Ina ƙullun? Ba za a yi asara biyu ba. Ladidi, akwai kaskon ƙarfe na Ummi a saman kabad, bayan tukwanen Ramadan."

Da zazzaɓina na soya shi, tagogi a buɗe, ban matsa daga gaban wutar ba ko taku ɗaya. Ƙullun ya ɗan zarce da tsami. Goggo ta ci uku da miyar alayyafo, tana ci tana hawaye, ban san na kanari ne ko na mahaifiyarta ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana biyun nan sun fi mini duk tafiyar tsawo. Amal tana wuni a asibiti, in ta dawo ta shige ɗaki. Ranar Laraba da yamma na ji an turo ƙofa, sai ga ta da jakar ulu a wuya. Ta wuce da kejin can ƙuryar ɗakinta, nesa da kicin, ni da Inna Ladidi muka kama mata. Bayan Magariba Lauz ya fito ya hau reshe. Sukkar ta daɗe. Da ta fito ta tsaya a bakin jakar, ta karɓi yankan tuffa da hannu biyu, ta ci. Amal ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun Litinin. Sannan ta jawo hannun rigata ta share fuska da shi, ta ce, "Inti majnuna, wallahi. Mahaukaciya. Kawo sinasir ɗin, ban ci ba."

Washegari muka taso. Inna Ladidi ba ta raka mu filin jirgi ba, a bakin bene muka yi sallama. Ta ba ni saƙon turare in kai wa 'yarta ta hannun direbobin Damagaram, ta ce in na sake ɗora kasko in ɗaure ƙafata a jikin murhu.

Sai bayan aikin Hajji, wata shida da dawowarmu, wani maƙwabcinmu da ya sauke farali ya kawo mana saƙo daga Goggo. A cikin kayan akwai ambulan da sunana, da rubutun Amal, da hoto guda. A hoton ga Sukkar a kan reshe, a bayanta kuma wasu ƙanana biyu sun maƙale, kowanne da baƙin zanensa a goshi. A takardar Amal ta bayyana mini abin da ban taɓa sani ba game da halittar nan: macen tana da aljihu a fatar cikinta. Takan haifi 'ya'yan tun ba su kai ƙwayar wake ba, su rarrafa su shige aljihun, su zauna makonni ba wanda ya san da su. Ita kanta Amal ba ta lura ba sai da cikin ya fara tudu. Da likitan ya ƙirga kwanakin baya, ya ce ranar da muka kawo ta suna ciki.

Ni da na ɗauka rai biyu na rungumo a ƙirjina cikin tasin nan, ashe huɗu ne.